Zuwa ga ɗana, a kan saƙon da ka tura wa ƙanwarka

Assalamu alaikum, ɗana.

Ina fata kana lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, sai ciwon ƙafar mahaifiyarka da ka sani.

Ƙanwarka ta nuna mini abin da ka rubuta mata. Kada ka ga laifinta, ba tsegumi ta kawo ba. Kuka na same ta tana yi, na matsa mata, ta miƙo mini wayar. Na karanta tun daga farko har ƙarshe, har inda ka ce ka daɗe da barin sallah, ba ka yarda akwai Allah ba, kuma zuciyarka ba ta taɓa hutawa irin yanzu ba. Mahaifiyarka ba ta sani ba tukuna. Ban kira ka a waya ba don na san halina, na kuma san naka: ni zan ɗaga murya, kai za ka yi shiru ka ce "to, Baba", a tashi ba a yi komai ba.

Yarinyar da ko jarrabawar ƙarshe ba ta rubuta ba, ita ka ga ya dace ka ɗora wa wannan kaya? Ina raye, lambata tana wayarka, ka tsallake ni ka je ka tayar mata da hankali, har kana ce mata ta riƙe maka sirri. Sannan a zuwanka na ƙarshe ka tsaya a bayana muka yi sallar asuba, na ji amin ɗinka da kunnena, na ji daɗi har cikin raina. Ashe duk don ka rufe mini ido ne. Wannan ya fi ƙona mini rai a kan abubuwa da yawa da ka rubuta. Ban taɓa koya maka fuska biyu ba.

Na san abin da kawunka zai ce in maganar ta kai kunnensa. Zai ce ni na jawo, ni na bar ka da littattafai tun kana ƙarami, ni na ƙyale ka kana jayayya da manya. Ya faɗa. Ban taɓa dukan ka don ka yi tambaya ba, kuma da za a dawo da lokacin, haka zan sake yi. Yaron da aka toshe wa baki ba ya daina tambaya, sai dai ya daina yi a gabanka. Na sa ka karatun addini, na sa ka na zamani, na ciyar da kai da halak. Duk wanda zai ce na yi sake, ya zo ya faɗa mini a ido.

A saƙon naka ka yi magana kamar wanda ya tono wani abu da aka daɗe ana ɓoye wa mutane. Ɗana, ba a ɓoye ba. A aya ta 24 ta Suratul Jasiya an kawo maganar mutanen da suka ce babu wata rayuwa sai wannan ta duniya, muna mutuwa muna rayuwa, kuma ba abin da ke halaka mu sai zamani. Ka karanta ayar a gabana kana yaro. Ra'ayin da kake ji kamar sabo, shekara fiye da 1400 ke nan ana tilawarsa a masallatai. Shakka ma ba a kanka aka fara ta ba. Sahabbai sun je wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ce suna jin wani abu a zukatansu da ba za su iya furtawa ba saboda girmansa. Bai kore su ba, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Annabi Ibrahim da kansa ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu, don zuciyarsa ta natsu.

Imam Gazali kuwa shakkarsa ta kai inda taka ba ta je ba. Ya daina yarda da idonsa ma. Ya ce ido yana kallon inuwa ya ga kamar a tsaye take, alhali tana matsawa kaɗan-kaɗan; yana kallon tauraro ya ga bai wuce dinari ba, alhali lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. To in ido zai yi ƙarya, hankali ya kama shi, wa ya tabbatar babu abin da zai kama hankalin shi ma? Kusan wata biyu ya yi a cikin wannan hali. Daga baya, a 1095, yana babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 a gabansa, harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi. Ya bar kujerar, ya tafi Sham, ya je Ƙudus, ya yi aikin hajji, ya shafe kusan shekara goma kafin ya koma koyarwa. Abin da nake so ka lura da shi, mutumin ya yi shakka har a kan shakkarsa. Kai fa? Saƙonka cike yake da tabbaci, irin tabbacin da kake zargin masu wa'azi da shi.

Maganar kimiyya ba zan daɗe a kanta ba, ka fi ni saninta. Sai dai wanda ya kawo lissafin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa a 1927, Georges Lemaître, limamin coci ne daga ƙasar Beljiyam. Lissafi bai hana shi ibada ba.

Ka ce wa ƙanwarka mutum ba ya bukatar tsoron wuta kafin ya zama mutumin kirki. A nan ba zan yi maka musu ba. Na yi aiki da mutanen da ba su da addini ko kaɗan, wasunsu ka ba su amana ka kwana da ido biyu a rufe. Na kuma san masu tabon sujada a goshi da suka cinye dukiyar marayu. Ba na tsoron ka zama ɓarawo ko mashayi, na san ɗan da na haifa. Ka ce rayuwa tana da ma'ana ko babu lahira: aikinka, abokanka, taimakon wanda ya rasa, daɗin gano abin da ba ka sani ba. Duka abubuwa ne masu kyau, kuma yawancinsu a gidan nan ka fara ganin su. Ka kawo mata labarin da Bafaranshen nan Albert Camus ya yi sharhi a kai a 1942, na mutumin da aka yanke wa hukuncin tura dutse zuwa kan tsauni, in ya kai sai dutsen ya gangaro, ya sake farawa, har abada. Marubucin ya ce a ɗauka mutumin nan yana cikin farin ciki, don dutsen nasa ne, wahalar tasa ce. Na san labarin, na karanta shi tun ba a haife ka ba. Magana ce mai daɗi ga wanda ke da ƙarfin tura dutse.

Amma ƙanenka fa? Wane dutse ya samu damar turawa?

Na san daga nan abin ya faro, ko da ba ka rubuta ba. Na ga fuskarka a asibiti daren nan, kana riƙe da ledar magungunan da aka ce a sayo, ka dawo da gudu ka tarar an riga an ja masa mayafi. Ka tsaya da ledar a hannu, ba ka ajiye ba, ba ka yi kuka ba. Masu gaisuwa suna ta cewa haka Allah ya so, kai kana kallon ƙasa. Tun daga ranar kake tambayar wane irin mai rahama ne zai bar yaro ya sha wannan wahala. Ba ni da amsar da za ta gamsar da kai. Malaman da suka fi ni sun yi ta rubutu a kai tsawon ƙarnuka, kuma wanda ya binne ɗansa ya san iyakar abin da rubutu ke iya yi. Amma ka tuna, kai ƙane ka rasa, ni ɗa na rasa. Ni na sauka na karɓe shi. Abin da ya tsayar da ƙafafuna ranar shi ne na yarda ba a nan maganarsa ta ƙare ba, akwai wanda ya ƙidaya kowane dare da ya kwana yana nishi. In ra'ayinka ne gaskiya, wahalarsa ta tafi a banza, babu mai biyan sa, babu inda zan sake ganin sa. Ka ce zuciyarka ta huta. Da wannan ta huta? Ka bayyana mini, don wallahi ban gane ba.

Akwai wani mawaƙin Larabawa makaho, Abul Ala'il Ma'arri, wanda ya rasu a 1057. Mai kaifin basira ne, ya kuma yi suna wajen shakkar addinai. Bai yi aure ba, bai haihu ba, kuma ya yi wasiyya a rubuta a kabarinsa cewa wannan laifin mahaifinsa ne a kansa, shi kuwa bai yi wa kowa irinsa ba. Wato haihuwar da aka yi masa ita ce laifin. Na daɗe da sanin wannan magana, ba ta taɓa damuna ba sai a makon nan. Haka kake kallona?

Yanzu bari in faɗa maka abin da ke hana ni barci, ko da za ka ce son kai ne. Hadisi ya tabbata cewa idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa na gari mai yi masa addu'a. Ni ba mai dukiya ba ne da zan bar abin da zai gudana. Ɗan ilimin da nake da shi na ba wa waɗanda na koyar, Allah kaɗai ya san ko ya zauna. A kan na ukun na dogara, kuma duk lokacin da na tuna shi, fuskarka nake gani. Shekaruna sun ja, ka san abin da likita ya faɗa bara. Ina kwance da dare sai in ga ranar: an jera sahu, an ajiye ni a gaba, kai kana tsaye a cikin mutane, hannu a ƙirji don kada a yi magana, bakinka yana motsi, zuciyarka ba ta cewa komai. Ko kuma ka tsaya can gefe kana amsa gaisuwa. Ban san wanne ya fi ciwo ba. Ƙannenka mata za su yi mini addu'a, na sani, kuma tasu karɓaɓɓiya ce in Allah ya so. Amma taka nake so. Kai na fara ɗauka a hannuna, a kunnenka na fara kiran sallah muryata tana rawa. Har yau ban kwanta ba tare da na ambaci iyayena ba, dare ɗaya ban tsallake ba. Shin a kaina wannan zai tsaya? Mahaifiyarka fa, wadda ta sayar da abin da ka sani don karatunka, ita ma in ta tafi shi ke nan, ta zama labari? Ka yi tunanin ranar kuwa, ko kana can kana jin daɗin 'yancin da ka samu?

Na tsaya a nan na ɗan huta, don na ji rubutun yana zafi.

Ba ina cewa ka yi imani don ka faranta mini ba. Imanin da aka yi don uba ba ya amfanar ɗan, ba ya amfanar uban, kuma na riga na faɗa maka ra'ayina a kan fuska biyu. In ka zo gida kada ka sake tsayawa a bayana alhali ba da gaske kake ba. Ka zauna a ɗaki, ni zan san abin da zan ce. Shiriya ba a hannuna take ba. Annabi Nuhu ya kira ɗansa ya hau jirgi, bai iya ɗauko shi da ƙarfi ba, ni wane ne? Ba zan tsine maka ba, ba zan hana ka gidan nan ba, duk abin da dangi za su ce. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Abin da nake roƙo shi ne kada ka ɗauka ka gama bincike. Ka karanta masu musu, to ka karanta waɗanda suka amsa musu, da irin natsuwar da ka ba na farkon. Kuma ka bar izgili. Na ga wata kalma a saƙonka game da masu azumi da ban so ba. Uwarka tana cikinsu. Kada kuma ka kai wannan magana Facebook, mutane ba su da haƙurin uba.

Ƙanwarka ka bar ta ta yi karatunta. In kana da tambaya ko hujja, ni za ka kawo wa, a rubuce, komai tsawonta, zan karanta in ba ka amsa gwargwadon abin da na sani. Ka fara da tambayar da na yi maka a kan ƙanenka. Mahaifiyarka tana cewa ka kwana biyu ba ka kira ba. Ka kira ta ranar Juma'a, ka tambaye ta ƙafa, kada ka ce mata komai tukuna. Ni zan zaɓi lokacin, kuma ina so kana zaune a wurin.

Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.