Zuwa ga Inna, daga Jidda: maganar tuwon Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Inna, ina gajiya, yaya ƙafa? Ina fata sanyin bakin gulbi bai tayar miki da gwiwar ba. A gaishe mini da Baba gaisuwa mai yawa, da Gwaggo, da Yaya da iyalinsa, da duk mutanen gida. Mu nan lafiya lau, sai zafin da aka saba. Baban yara yana kan aikinsa, yara suna zuwa makaranta. Auta, na san ke za ki karanta, to ki bi a hankali, kada ki tsallake layi. Ki bari sai Amarya tana zaune, in kin zo kan maganar kuɗi kuma ki kira Yaya ya ji da kunnensa.

Wata 'yar garinmu da ta zo Umra ta ce mini ta ga Baba a ƙofar gida ya rame, har wuyan riga ya yi masa yawa. Ta ce da dare shayi da burodi ake sayo masa, in an kai tuwo loma biyu yake yi ya ture kwano. Inna, me ya sa ba a gaya mini ba? Kullum in na kira sai a ce lafiya lau. Mutumin da ya tashi da tuwon shinkafa da miyar kuka a ce ya koma burodi, a Argungu, ga fadama ga gulbi? Kuma har yanzu yana fita gona. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na tura naira 200,000 a asusun Yaya. Naira 100,000 na shinkafa ce, a saya yanzu da kaka tun ba ta tashi ba. Naira 40,000 ta busasshen kifi da daddawa da kuka da man shanu. Naira 30,000 a damƙa wa Inna a hannunta saboda nono da itace da ɗanyen kifi. Sauran 30,000 maganin Baba da ɗan saƙon da zan faɗa a ƙasa. Yaya, don girman Allah, wannan kuɗin tukunya ne. Ba na taki ba ne, ba na gyaran babur ba, ba na gudummawar biki ba. In wata buƙata ta taso a faɗa mini daban, amma kada a taɓa wannan.

Amarya, ba laifinki nake gani ba. Kowane gida da hannunsa, kuma Inna ba ta iya tsayuwa kan murhu ta nuna miki. Shi ya sa zan rubuta komai dalla-dalla.

Tuwo daga shinkafa yake lalacewa tun kafin a hura wuta. Wadda aka turara ta dafa-duka ce, ko kwana za ta yi kan wuta ba za ta kama jikinta ba. Ɗanya za a saya, ta gida, fara mai gajeren ƙwaya, ko da karyayya ce, ita ta fi ma saurin narkewa. A rege ta sau biyu a ƙwarya, domin tsakuwa ɗaya in ta haɗu da haƙorin Baba ya gama cin abincin daren. Gwangwanin madara 4 ya ishi Baba da Inna har a rage na ɗumame. A jiƙa ta kamar awa ɗaya. Ruwa gwangwani 12, in sabuwar shinkafa ce a rage ɗaya ko biyu, don ba ta shan ruwa kamar tsohuwa. Sai ruwan ya tafasa a zuba, a rufe, a bar wuta tsaka-tsaki. Kada a sa muciya sai an murza ƙwaya tsakanin yatsu an ji ba sauran tsakiya mai tauri. Wanda ya tuƙa da wuri shi ke samun tuwo mai tsaki-tsaki, kuma ba ya gyaruwa daga baya. In ruwa ya ƙare shinkafa ba ta nuna ba, ruwan zafi ake ƙarawa. Na sanyi yana daƙusar da ita.

In ta yi luguf, a janye itace a bar garwashi. A tuƙa ana danna ta jikin tukunya har ta haɗe, a yayyafa ruwan zafi kaɗan, a rufe ta sulala kamar minti 10, a sake tuƙawa. Wannan tuƙi na biyu shi ake yawan tsallakewa, kuma shi ke sa tuwo ya yi santsi ya kwana bai saki ruwa ba. In ya yi ruwa, a barbaɗa garin shinkafa kaɗan-kaɗan ana tuƙawa, amma a bari garin ya dahu, in ba haka ba za a ji gafinsa. In an ji ƙauri, kada a kankare gindin tukunya, a juye na sama cikin wata a ƙarasa. A tsoma mara a ruwa a kwashe, malmala ƙanana, na Baba ya fi na kowa taushi.

Miyar kuka kuwa rabinta daddawa ce. Ta kalwa, busasshiya, mai baƙi sosai. A daka guda 3 ko 4 tare da albasa ɗaya, da citta, da masoro, da kanumfari ƙwaya 3, da barkono kaɗan. A zuba a ruwa kamar kofi 5 a bar shi ya yi ta tafasa, aƙalla rabin awa, har ruwan ya canza kala ƙamshi ya fita tsakar gida. Daddawar da ba ta dahu ba ita ke sa miya wari, mutum ya yi ta gyatsarta. In ana so ta yi jiki, a jiƙa wake cokali 3, a cire ɓawo, a daka a zuba tun farko ya narke.

Kifin a saya wurin wanda aka sani, ko a ba mai zuwa Yawuri saƙo. Akwai masu fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don ya daɗe, saboda haka a sansana, in yana warin magani a bar shi ko da araha. A jiƙa shi a ruwan zafi da ɗan gishiri, a wanke cikin kan sosai don nan yashi yake ɓuya, a ɓare a tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Auta, tsince ƙayar nan aikinki ne, idon Inna ba ya gani kamar da. Sai daddawa ta dahu za a sa kifin, in ya shiga da wuri narkewa yake yi ya ɓace.

Kukar a duba ta da kyau, kore shar, wadda aka shanya a inuwa. Wadda ta yi ja ta sha rana ko ta tsufa, ɗaci take yi. A tankaɗe ta. A rage wuta, hannun hagu yana barbaɗawa, na dama yana kaɗawa da maburgi, ba tsayawa. Cokali 4 zuwa 5 ya isa wannan ruwan, kuma a tuna tana ƙara kauri in ta huce. Zuba ta gaba ɗaya shi ke kawo gudaji. Bayan an kaɗa kada a rufe tukunya, za ta yi bori ta zube, kalarta ma ta mutu. Minti 5 a sauke. Man shanu ba a cikin tukunya ake sa shi ba. A soya shi daban da albasa, a zuba cokali ɗaya a kwanon Baba lokacin da za a kai masa.

Gishiri da dunƙulen ɗanɗano a ja hannu, likita ya riga ya faɗa saboda hawan jininsa. Kanwa ma kada ta wuce ɗan mitsitsi. In daddawa da kifi sun ji, ba wanda zai nemi gishiri.

Inna, ni ya kamata in tsaya kan murhun nan. Ke kika koya mini, ga shi yau 'ya'yan wasu da maƙwabta ke cin hannuna, ku kuma sai takarda. In na kwashe tuwo na tuna Baba yana can da burodi, abincin ba ya wuce mini. Allah ya sa zaman nan ya zama alheri gare mu duka.

Amma ki kwantar da hankalinki, jikokinki ba su bar tuwo ba. Doguwar shinkafar da ake kabsa (dafa-dukar Larabawa) da ita ba ta tuƙuwa, sai dai akwai ta Masar, gajera mai danƙo, tana yin tuwo daidai gwargwado. Lalo ma ana samu ɗanye, Larabawa suna miyarsa. Haya ta ɗan ƙaru, sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ya ci abin da ya ci, amma ba abin damuwa ba ne, kada a gaya wa Baba.

Kada a yi ta miyar kuka kullum har ta gundure shi. Kwana biyu a mako a yi miyar sure. A tafasa suren daban a zubar da ruwan farko, in ba haka ba tsami zai kashe miyar. A dafa kabewa ta narke, a dama niƙaƙƙiyar gyaɗa rabin gwangwani a zuba, a bar ta ta dahu har mai ya taso, sannan sure ya shiga daga ƙarshe. Gyaɗa tana kama gindin tukunya, a riƙa juyawa. Ranar Juma'a kuma a sayo ɗanyen kifi a yi masa farfesu. Tarwaɗa ko ragon ruwa, su ne ba su da ƙananan ƙaya, ƙarfasa a bar wa yara masu ido. A zuba wa tarwaɗar ruwan zafi a kankare yauƙin, a yanka da kauri. Romon ake fara dafawa da albasa da attarugu da citta da tafarnuwa da daddawa ɗaya, in ya haɗu a jera kifin, minti 15 ya isa. Ba a sa ludayi a juya, tukunyar ake ɗagawa a girgiza, in ba haka ba sai a kwashe dagargaje.

Da safe ɗumame. A yanka tuwon jiya, a ɗora shi kan miya da ɗan ruwa, a rufe ya yi zafi har ciki, ba sama-sama ba. Miyar da za ta kwana a tafasa ta da dare kafin a kwanta, kuma kada a sake sa mata cokali.

Sai fura, don na ji an koma sayen ta kasuwa. Mudu ɗaya na gero a surfa, a bakace, a wanke, a baza ya sha iska. A niƙa da citta da kanumfari da masoro. A kwaɓa da ruwa kaɗan yadda zai dunƙulu, a jefa dunƙulen cikin ruwan da yake tafasa, ba wanda ya ɗumama kawai ba, don zai watse ya koma kunu. Bayan rabin awa a fasa ɗaya, in akwai farin gari a tsakiya a mayar. Furar da ba ta dahu ba ita ke kumbura ciki, kuma kafin la'asar ta yi tsami. A kirɓa tun da zafinta ana yayyafa ruwan dahuwar har ta yi danƙo, a cura, a birgima a gari. Kirɓin ya fi ƙarfin Inna, Auta da Amarya ku karɓi taɓarya. A dama da ruwa mai tsabta da nono mai kyau, sukari kaɗan ko a bari.

Yaya, na sake faɗa, naira 30,000 ɗin nan a hannun Inna za ta zauna, ba a aljihunka ba. Kuma ka daina yi wa Amarya faɗa a gaban mutane kan girki. Yarinya ce, in aka nuna mata za ta iya, tsoro kuwa ba ya gyara miya. Inna, ki sa a ajiye miki kujera kusa da murhu, ki riƙa faɗa tana yi. Mako biyu ya isa hannunta ya faɗa.

Saƙona, tunda Kawu zai zo Umra wata mai zuwa: kuka mudu ɗaya, busasshiyar kuɓewa dakakkiya rabin mudu, busasshen sure, daddawa, yajin Gwaggo, da ƙuli-ƙuli in akwai wuri. Kukar da ake sayarwa a nan tana da tsada kuma duk ta tsufa. Daddawar a ƙara shanya ta kwana biyu, a sa a roba mai murfi, a naɗe da leda biyu don kada ta cika masa kaya da wari. Man shanu a bar shi, zubewa yake yi. Goro ko ƙwaya ɗaya kada a sa, hukumar nan ta hana shigowa da shi. A ƙulla komai a gaban Kawu ya gani da idonsa, kuma ku gaya masa kada ya karɓi ƙullin kowa a filin jirgi, ko da ɗan garinmu ne.

In an sayi shinkafar Auta ta ɗauki hoton buhun ta turo mini. Zan kira ranar Juma'a bayan sallar isha'i ta nan, wato wajen magariba a wurinku, a kai wa Baba wayar in ji muryarsa da kaina. Kada a ce masa wani ya kawo mini magana.

Inna, ki sa mu a addu'a. Baban yara yana gaishe ku, yara suna gaida kakanninsu.

Wassalam,
'yarki ta Jidda.