A daina tura mutane neman Flash

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da masu gina shafukan intanet, musamman waɗanda ake ba kwangilar shafukan rajista. Ni mai shagon intanet ne a nan Maraɗi, irin wanda muke kira siber, kuma abin da zan faɗa a gaban idona ya faru.

Kwanakin baya wani saurayi ya sauka daga kabu-kabu da takardunsa a cikin leda, yana son yin rajistar wata jarrabawar ɗaukar ma'aikata. Ya biya kuɗin awa guda, ya cike sunansa da na mahaifansa, amma da ya iso inda ake ɗora hoto sai ya tarar da fili fari fat, da ɗan rubutu cikin Faransanci wai kwamfutar ba ta da Flash Player, a je a sauko da shi. Kafin in juyo daga wajen injin fotokwafi, ya riga ya bi wata talla ya sauko da wani abu mai kiran kansa Flash, alhali muguwar manhaja ce. Kwana biyu na yi ina wanke na'urar, kuma ban ga laifin yaron ba, tunda abin da shafin ya umarce shi ya yi.

A da can burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ba ta iya nuna bidiyo ko wasu nau'o'in fom da kanta, sai an maƙala mata wata ƙaramar manhaja irin su Flash, Java ko Silverlight. Saboda haka mai gina shafi yakan rubuta ƴan layuka na JavaScript, wato harshen da ake ba burauza umarni da shi, da za su nemi burauzar baƙo ta kawo jerin abubuwan da aka maƙala mata, idan sunan da ake nema yana ciki a buɗe masa, idan babu a gaya masa ya je ya nemo. Tsohuwar burauzar Internet Explorer kuwa ba ta ba da wannan jeri, sai dai a gwada kiran manhajar ta hanyar wata fasaharta mai suna ActiveX a ga ko za ta amsa. Ban raina wannan dabara ba, domin a lokacinta gara a gaya wa mutum abin da ya rasa da a bar shi yana kallon farin allo.

Sai dai kasuwar da ake aiken mutane ta daɗe da tashi. Chrome ya daina karɓar Java da Silverlight a 2015, Firefox ya bi sahu a 2017. Kamfanin Adobe, mai Flash ɗin, da kansa ya janye hannu daga gare shi ranar 31 ga Disamba 2020, kuma daga 12 ga Janairu 2021 ya toshe shi gaba ɗaya. Wayar iPhone ma ba ta taɓa karɓarsa ba. Ƙari a kan haka, manyan burauzoji na yanzu sun daina bayyana jerin na gaskiya, saboda an gano ana amfani da shi wajen gane na'urar mutum da bin sawunsa daga shafi zuwa shafi. Ke nan tsohon gwajin, duk wanda ya yi wa tambaya, amsa ɗaya zai samu, wato babu, sannan ya tura bawan Allah hannun ƴan damfara, waɗanda suke raba Flash na bogi.

Roƙona ga masu wannan sana'a shi ne su daina tambayar sunan manhaja, su gwada ko burauzar za ta iya aikin da ake so: karɓar hoto, kunna bidiyo, ko buɗe takardar PDF. Duk waɗannan HTML5, wato sabon tsarin rubuta shafuka, da burauzojin yau suna yin su ba tare da an maƙala komai ba, kuma YouTube ya koma wannan hanya tun 2015. A yi gwajin tun a shafin farko, kafin mutum ya ƙone megansa yana cike fom, a rubuta saƙon da Faransanci mai sauƙi, da Hausa ma idan da hali, kuma a tanadi wata hanya ga wanda na'urarsa ta gaza. Masu ba da kwangila kuma, kafin su biya, su gwada shafin a ƙaramar salula inda rezo yake da rauni, domin da irinta yawancin jama'armu suke shiga intanet.

Shi dai saurayin, da ƙafarsa ya kai takardun ofis washegari, ni kuma na mayar masa da kuɗin awarsa. Tun ranar na manna takarda a bangon shagona, da Hausa da Faransanci, cewa duk wanda shafi ya nemi ya sauko da Flash ya kira ni kafin ya taɓa komai.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Mai shagon intanet, Maraɗi