Wasiƙa Zuwa ga Habu kan Karatun Tattalin Albarkatun Ƙasa

Abokina Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da jin cewa ka samu gurbin karatu a jami'a. Allah ya sanya albarka, ya sa a fara a sa'a. Ka ce in faɗa maka abin da ke cikin fannin tattalin albarkatun ƙasa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. To ga shi.

Duk kwasa-kwasan da za ka gani a jadawali, tambayoyi huɗu suke kewayawa: nawa ne ke akwai, nawa ke ƙaruwa a shekara, nawa za a iya ɗiba ba tare da an taɓa uwar kuɗin ba, kuma wa ke da ikon yanke wannan hukunci. Daji ne, ko makiyaya, ko ruwa, ko kifi, ko ƙasar noma, tambayoyin ke nan. Uku na farko awo ne da lissafi. Masu shigowa don kawai suna son bishiyoyi da namun daji, a nan suke shan mamaki.

Digirin yakan ɗauki shekara uku zuwa biyar, ya danganta da ƙasa da jami'a. Shekarar farko kusan duk shimfiɗa ce: ilimin halittu, kimiyyar sinadarai, lissafi da labarin ƙasa. Daga shekara ta biyu ake shiga ilimin ƙasar noma, ilimin ruwa, gandun daji, dangantakar halittu da muhallinsu, tattalin arziki da doka. A cikinsu duka, wanda nake so ka riƙe da hannu biyu shi ne darasin ƙididdiga. Ɗalibai da yawa sukan haddace shi don su ci jarrabawa su wuce, sai a shekarar ƙarshe ya tare su a hanya, lokacin da bayanai suka cika littafi an rasa yadda za a yi da su. Ka fara koyon R, manhajar ƙididdiga, tun da wuri. Kyauta ce, kuma ko rabin awa kake ba ta a rana, kafin zangon karatu ya ƙare hannunka ya faɗa.

Bari in nuna maka yadda aikin fili yake, don a can ake gane wanda ya koya. A ce an tura ku ƙidayar itatuwa. Ba wanda zai iya ƙirga daji duka, sai a yanki fuloti, yawanci mita 20 tsawo da mita 20 faɗi, wato murabba'in mita 400. Irinsa 25 ne ke yin hekta ɗaya, saboda haka duk abin da ka samu a ciki sai ka ninka sau 25. Ana auna kaurin bishiya a tsayin mita 1.3 daga ƙasa. Ka sami sanda mai wannan tsayin ka riƙa jingina ta a jikin kowace bishiya, domin in ka dogara da ƙirjinka, kai da abokin aikinka ba tsayinku ɗaya ba. In a kan gangare take, ka tsaya ta ɓangaren sama. In ta rabu biyu ƙasa da mita 1.3, bishiya biyu ake lissafa ta. Da tef na yau da kullum kewaye kake samu, sai ka raba da 3.14: kewaye santimita 94 ya ba ka kauri santimita 30. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ɗaya a rukuni ya rubuta kewaye, wani ya rubuta kauri, a haɗa su a shafi ɗaya ba alama. Tun da murabba'in kaurin ake amfani da shi wajen lissafin katako, wannan ɗan sakacin kan kumbura amsa kusan sau goma. Haka gangaren ma: a tudu mai karkatar digiri 30, mita 20 da ka ja a kan ƙasa mita 17.3 ce kawai a taswira, don haka fulotinka ya ƙanƙance ba ka sani ba.

Lissafin makiyaya ya fi wannan daɗi, don nan take kake ganin amfaninsa. Za ka ajiye firam mai murabba'in mita ɗaya, ka yanke duk ciyawar da ke ciki, ka zuba a jakar takarda. Kada ka sa a leda, gumi zai sa ta ruɓe kafin ku koma. A ɗakin gwaji ana busar da ita a zafin digiri 60 zuwa 70 na kimanin awa 48, har nauyinta ya daina raguwa. A ce ka samu giram 150, wato kilo 1,500 a hekta. Ƙa'idar da aka saba koyarwa ita ce a ci rabi a bar rabi, domin saiwa ta rayu kuma ƙasa ta samu rufi. Saura kilo 750. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari na nauyinta a rana, wato kilo 6.25 na busasshiyar ciyawa, kusan kilo 2,280 a shekara. Ka ga ke nan saniya ɗaya na buƙatar wajen hekta uku. Yanzu duba abin da zai faru in ɗalibi ya yi gaggawa ya auna ciyawar tana ɗanya. Kashi uku cikin huɗu nata na iya zama ruwa, sai sikeli ya nuna giram 600, ya rubuta a rahoto cewa filin zai ɗauki shanu ninki huɗu na gaskiya. Kuma lissafin shekara ɗaya ba ya isa. In ka auna a shekarar da ruwa ya wadata ka yanke hukunci a kanta, shekarar fari za ta ƙaryata ka.

Ruwa da ƙasa kuwa ba sai na tsawaita ba. Don sanin ƙarfin rafi, ka auna faɗi da zurfi a wurare da dama, ka saki abu mai yawo a kan ruwa ka duba agogo. Rafi mai faɗin mita 4 da matsakaicin zurfin rabin mita, in abin ya yi mita 10 a daƙiƙa 20, sai ka ninka faɗi da zurfi da saurin ruwan (rabin mita a daƙiƙa), sannan ka ninka amsar da kimanin 0.85, saboda ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu. Za ka samu lita 850 a daƙiƙa. Ka kuma haddace cewa milimita ɗaya ta ruwan sama a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce, za ta yi maka amfani sau da yawa. Samfurin ƙasa ana haƙo shi daga zurfin santimita 15 ko 20 na sama, a wurare 15 zuwa 20 cikin fili ɗaya, a cakuɗa a bokitin roba mai tsabta, a ɗebi kamar rabin kilo. A guji gefen hanya, gindin bishiya da wurin da aka taɓa tara taki. Takardar shaida biyu ake yi, ɗaya a cikin jaka ɗaya a waje, da fensir, don tawadar biro tana narkewa da danshi.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan ɓata bincike, wato inda aka ajiye fulotin. In aka bar mutum da zaɓinsa, ƙafarsa za ta kai shi wuri mai inuwa, kusa da hanya, inda babu ƙaya. Sakamakon da zai fito na wuraren da ke da sauƙin shiga ne, alhali sunan dajin duka za a rubuta a kansa. Maganin shi ne a fitar da wuraren tun a kan taswira, ta hanyar ƙuri'a ko ta jera su a tazara ɗaya, sannan a je duk inda ya faɗa ko da cikin sarƙaƙiya ne. Wani tarkon kuma: ka kwatanta gona ɗaya mai taki da gona ɗaya marar taki, ka ɗauki samfur 30 a kowace, ka ce kana da 60. Gonaki biyu kawai gare ka. Bambancin da ka gani yana iya zama na ƙasar ce tun asali. Masu duba kundin bincike suna kama wannan tun a shafin farko.

Za a koya muku zanen taswira da kwamfuta da karanta hotunan tauraron ɗan'adam, kuma wannan na cikin abin da masu ɗaukar ma'aikata suka fi tambaya. Manhajar QGIS ta zanen taswira kyauta ce. Hotunan Landsat sun fara tun 1972, an sake su kyauta a 2008, kuma a na yanzu kowane ɗigo yana wakiltar mita 30 a ƙasa. Na Sentinel-2 sun fara a 2015, ɗigonsu mita 10. Ka lura da abu biyu. Na'urar GPS ta hannu tana iya kaucewa da mita uku zuwa biyar, fiye da haka ma a ƙarƙashin rufin daji, don haka ba ta isa auna kusurwar ƙaramin fuloti ba, tef da kamfas ne aikinsu. Sannan in kana kwatanta hotunan shekaru biyu don ganin ko daji ya ragu, su kasance na wata ɗaya ko yanayi ɗaya. Hoton lokacin ruwa da na lokacin rani za su nuna maka sarar dajin da ba a yi ba. Duk abin da allo ya ce maka daji ne, ka je wasu wuraren ka gani da idonka, gani ya kori ji.

Tambaya ta huɗu, ta wa ke yanke hukunci, ita ce ɗaliban kimiyya suka fi rainawa, kuma a ganina kuskure ne babba. Za ku karanta labarin kifin kod na gaɓar Newfoundland a Kanada. Manyan jiragen kamun kifi sun ci gaba da cika taru ko da kifin na ƙarewa, saboda ragowar na taruwa wuri ɗaya kuma na'urori na gano su. Masu ƙiyasi suka dogara da yawan kamun, suka ɗauka kifin na nan da yawa. Masunta na bakin gaɓa sun daɗe suna cewa kifin ya ragu kuma ya ƙanƙance, ba a saurare su ba. A 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a. Za ku kuma ji na tafkin Aral da ke tsakiyar Asiya, wanda ya taɓa zama na huɗu a girma a duniya, ya ƙafe mafi yawansa bayan an karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa gonakin auduga tun daga shekarun 1960.

A nan za ka haɗu da sunayen masana biyu. Garrett Hardin ya rubuta a 1968 cewa duk abin da jama'a ke amfani da shi tare, ƙarshensa lalacewa ne. Elinor Ostrom ta bi diddigin makiyayu, dazuzzuka da magudanan ban ruwa a ƙasashe da yawa, ta nuna cewa akwai waɗanda jama'a suka riƙe ɗaruruwan shekaru lafiya lau. Sharuɗɗan da ta gano sun haɗa da a san iyakar wurin da waɗanda ke da haƙƙi a ciki, masu amfani da shi su sa baki wajen kafa doka, a samu masu sa ido, horo ya fara da sauƙi ya riƙa ƙaruwa, kuma a samu hanyar sasanta rikici mai araha. Ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, mace ta farko da ta samu. Ka karanta su biyun da kyau. Ka kuma ba darasin yin tambayoyi ga jama'a muhimmanci, domin tambayar da aka tsara ba daidai ba ita ma awo ne marar kyau. In ka ce wa mutum “ai kana sare itace a dajin nan ko?” amsar da za ta kare shi zai ba ka. Tambaye shi inda ake samo itace da tsawon lokacin da tafiyar ke ɗauka, yanzu da kuma shekara goma baya.

Game da binciken shekarar ƙarshe, ka zaɓi ƙaramar tambaya da za ka iya amsawa da ƙafarka da kayan da sashenku ke da su. “Tasirin sauyin yanayi ga dazuzzuka” ba batun ɗalibi ɗaya ba ne. “Yawan 'yan itatuwan da ke tsirowa a wurin da aka killace da wurin da ake kiwo” kuwa zai yiwu. Ka duba kalanda tun farko, don tsirrai da ruwa ba sa jiran jadawalin jami'a. In lokacin tsiro ya wuce, sai wata shekarar. Ka nemi izinin shiga wurin a rubuce, wannan kan ɗauki makonni. Ka yi gwajin kwana ɗaya kafin ainihin aikin, a nan za ka gane cewa takardar cike bayananka ba ta da gurbin wani abu, ko fuloti ɗaya na cin awa biyu maimakon rabin awar da ka zata. Kowace yamma ka ɗauki hoton shafukan da ka cike, ka shigar da su kwamfuta, ka ajiye kwafi a wuri biyu. In ba ka samu komai a fuloti ba, ka rubuta sifili. Gurbin da aka bari fayau, bayan wata uku ba wanda zai tuna ko babu ne ko ba a auna ba.

Kayan da za ka fara tanada ba su da yawa: takalmi mai rufe idon sawu, littafi mai ƙwarin bango, fensir, tef na mita 30 ko 50, kamfas, da kwamfutar da za ta iya ɗaukar manhajar taswira. Sauran yawanci sashen ke bayarwa.

Batun aiki kuwa, waɗanda suka gama sukan shiga hukumomin gandun daji, ruwa, kifi da wuraren adana namun daji, ko kamfanonin da ke tantance illar ayyuka ga muhalli kafin a gina dam ko hanya ko a buɗe ma'adinai, ko ƙungiyoyin raya karkara, ko koyarwa da bincike. Raunin wannan digirin shi ne faɗinsa: mutum ya ɗanɗani komai bai ƙware a komai ba. Saboda haka daga shekara ta uku ka karkata kwasa-kwasan zaɓinka wuri ɗaya, ruwa ko daji ko makiyaya ko taswira, kuma ka nemi wurin sanin makamar aiki a wannan ɓangaren, ko da na hutu ɗaya ne.

In jadawalin kwasa-kwasanku ya fito, turo mini shi tare da sunayen na zaɓi, mu duba tare kafin ka yi rajista. Ka gaishe mini da mutanen gida duka.

Naka,
Lawal