Gwangwanayen da Suka Kwana a Jos

Jos,
Daren Lahadi.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyali. Yaya aikin dare, yaya kuma sanyin Landan? Mu ma nan hunturu ya kankama, sai da na saka rigar sanyi biyu kafin na iya riƙe biro. Na leƙa na gaida Hajiya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ƙafar ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda. Ta ce in gaya maka man zafin ya ƙare.

Kullum ƙorafinka shi ne saƙona a WhatsApp ba ya wuce "ya gida, ya aiki". To yau ga wasiƙa, sai ka nemi shayi ka zauna.

Ka tuna faya-fayan DVD biyu da ka aiko mini bara waccan, wato shekara biyu ke nan, tare da 'yar takarda mai cewa "wai a garinku aka tsinto wannan"? Zan faɗa maka gaskiya, ban ko ɓare ledarsu ba. Na jefa su saman kabad, ƙura ta yi musu rawani. Sai watan jiya da uwargida ke kakkaɓe ɗaki ta sauko da su, ta ce ko in kalla ko ta ba yara su yi madubi da su. Na san kai ma ba ka kalla ba, don haka bari in ba ka labarin abin da ka saya.

Shirin sunansa Doctor Who, na BBC ne. An fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba 1963, washegarin ranar da aka harbe Shugaba Kennedy na Amurka. Labarin wani baƙon halitta ne mai siffar mutum, kowa Dokta yake kiransa, yana da wani akwati shuɗi irin rumfar wayar 'yan sandan Ingila ta da. Daga waje ba ta fi shagon mai caji ba, ciki kuwa fili guda. Da ita yake keta zamani, yau yana zamanin kakannin kakanni, gobe yana shekara dubu mai zuwa. Da ɗan wasan farko, William Hartnell, ya kasa ci gaba saboda rashin lafiya a 1966, sai masu shirin suka yi dabara, suka ce ai Dokta yana iya sake jiki in wannan ya tsufa. Da haka Patrick Troughton ya karɓa, kuma da wannan dabarar shirin ya yi ta tafiya har 1989, aka dawo da shi a 2005. Naka faya-fayan na zamanin Troughton ne, baƙi da fari, kowane kashi kamar minti 25.

Yanzu ga inda Jos ta shigo. A wancan lokacin kaset ɗin ɗaukar hoto tsada gare shi, ga cin wuri, kuma ba wanda ya zaci za a sake neman tsohon shiri. Sai BBC ta riƙa shafe na da tana ɗora sabo a kai, haka aka yi ta yi har wajen 1978. Amma kafin a shafe, akan juya shirin a kan zaren fim a sayar wa ƙasashen waje: Ostireliya, Hong Kong, Singafo, Zambiya, har da Nijeriya. Wannan tasha in ta gama nunawa ta tura wa ta gaba, kamar yadda muke yi da littafi ɗaya a aji. Ta ƙarshe ya kamata ta mayar ko ta lalata. Wasu gwangwanaye dai suka iso wata tashar talabijin a nan Jos, ba a mayar ba, ba a ƙona ba, aka ɗora su a kanta aka manta. Sai da wani Bature mai suna Philip Morris, wanda sana'arsa ke nan bin tashoshi yana neman tsofaffin finafinai, ya shiga ɗakin ajiyar ya ga sunan shirin rubuce a jikin gwangwani. A Oktoban 2013 BBC ta sanar cewa an samo kashi 9 da aka fid da rai da su, ana saura 'yan makonni shirin ya cika shekara 50. Adadin waɗanda suka ɓata ya sauko daga 106 zuwa 97. Masana na nasu bayanin, ni dai sanyin garinmu na ba lada, domin da a Sakkwato aka ajiye su da tuni sun narke.

Ka san ni ba na iya kallo ni kaɗai, sai na kafa majalisa. Mu huɗu ne: ni, da maƙwabcina malamin tarihi, da dattijon nan mai gyaran rediyo na bakin layinmu, sai ɗan ƙanwata ɗan jami'a, wanda aikinsa jona waya da tayar da janareta in an ɗauke wuta. Duk Asabar bayan Isha'i muke zama, da shayi da gyaɗa. Dattijo ne ya kafa doka: kashi biyu kawai a zama, kuma haramun ne wani ya wuce gaba a ɓoye. Ya ce waɗanda aka yi shirin dominsu mako guda cur suke jira, mu da muke cin biyu ma an yi mana gata. In an gama, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa ya ba da maki cikin goma, ni ke rubutawa a bayan kalanda.

Mun fara da The Enemy of the World, mai kashi 6, wanda aka nuna daga ƙarshen 1967 zuwa farkon 1968. A nan nake so in daɗe, domin shi ne ya hana ni barci.

Kafin a je Jos, kashi na 3 kaɗai ya rage a duniya. Kuma wallahi in ka ga kashi na 3 shi kaɗai, za ka rantse shirin banza ne. Rabinsa a wani lungu aka yi shi, an zaunar da fursuna a kan hanyar wucewa wai ya fi sauƙin tsaro a nan, sauran kuma a kicin, inda wani kuku mai baƙin rai yake ta ƙorafi a kan tukunya. Shekara da shekaru masoya shirin suna rubuce-rubuce a mujallunsu da intanet, da yawansu sun yanke hukunci cewa wannan labari ba shi da armashi, babu dodo, babu gudu, sai surutu. Hukuncin kashi shida aka yanke da shaidar kashi ɗaya.

Sai ga kashi na 1 ya dawo daga Jos. Malam, ana buɗewa ga bakin teku, Dokta ya tuɓe ya rage daga shi sai dogon wandon ciki, ya ruga cikin ruwa yana tsalle kamar ɗan ƙauye ya ga kogi. Kafin ka ce kwabo ga wasu sun biyo shi da bindiga a jirgin ruwa mai shawagi bisa iska, ga jirgi mai saukar ungulu ya zo ceto. Ɗan ƙanwata da ya zo da niyyar raina tsohon fim, sai da ya ajiye wayarsa. Dalilin farautar shi ne Dokta ya yi kama da wani shugaba mai suna Salamander, kamar an tsaga kara, kuma Troughton ne ya fito a matsayin su biyun. Wannan Salamander duniya na yi masa kallon mai ceto domin ya kawo hanyar wadata ta da abinci, alhali shi ke haddasa girgizar ƙasa da aman wutar duwatsu a ɓoye, sannan ya zo da taimako. Malamin tarihi ya ce wannan ai ba sai an je wata duniya ba, ya san irinsu. Ban tambaye shi su wa yake nufi ba.

A kashi na 4 ne labarin ya juya gaba ɗaya. Salamander ya kulle kansa a ɗakin ajiyar takardu, ya shiga wani bututu ya sauka can ƙarƙashin ƙasa, inda ya ajiye wasu bayin Allah kusan shekara biyar, ya gaya musu yaƙin nukiliya ya cinye duniya, shi kaɗai ke sadaukar da ransa ya hau ya samo musu abinci. Su ne ke juya injinan da ke kawo bala'in, suna zaton abokan gaba suke yaƙa. Dattijo ya dafe kai ya ce "Innalillahi". Duk wannan babu ko alamarsa a kashi na 3.

Ba wai ba shi da aibu ba. An shafa wa Troughton wani abu a fuska don ya yi duhu, aka ba shi karin harshen da wai na mutumin Meziko ne, abin bai yi mini daɗi ba, na kuma rage maki a kai. Amma a cikin labarin nan akwai wata baƙar mace, Fariah, mai ɗanɗana wa Salamander abinci, Carmen Munroe ce ta fito a matsayinta. Ba a yi ta don ado ba. Tana da zuciya, tana da dalilinta na ƙin ubangidanta, kuma ko da aka harbe ta, tana kwance tana gaya wa mai yi mata barazana cewa ai mutuwa sau ɗaya ake yi. A talabijin ɗin Ingila na 1968 fa. Ni 9 na ba shi. Abin dariya kuma, an ce labarin a shekarar 2018 yake faruwa. Sun hango ana hawa roka daga Ostireliya zuwa Turai cikin 'yan awoyi, ga mu nan mun wuce 2018 har yanzu hanyar Jos zuwa Kaduna na cin rabin yini.

Na biyun, The Web of Fear, shi ne wanda masoya suka daɗe suna yi wa kirari tun ba su gan shi ba. Wasu dodanni masu gashi buzu-buzu, ciki kuwa inji ne, sun mamaye hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, wanda kake hawa kullum, sojoji kaɗan sun maƙale a ciki. Duhun ya yi kyau ƙwarai, baƙi da fari ya taimake shi. Ramukan ma ba na gaske ba ne, a ɗakin ɗaukar shiri aka gina su, amma ba za ka gane ba. Faɗan da aka yi a unguwar Covent Garden a kashi na 4 ya tsayar mana da numfashi, sojoji na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai dai daga nan labarin ya fara jan ƙafa, a shiga rami a fito, a sake shiga. Na ba shi 7, ɗan ƙanwata ya ba shi 9, muka yi ta musu har uwargida ta leƙo ta ce dare ya yi. Wanda aka raina ya fi wanda aka yi wa kirari, a ganina dai.

Malamin tarihi nasa ƙorafin daban ne. Ya ce an yaudare shi, an ce masa shirin keta zamani ne, amma akwatin nan ba shi da bambanci da tasi, ya sauke su a farkon labari ya ɗauke su a ƙarshe. Sai da ɗan ƙanwata ya gaya masa cewa da aka fara shirin, abokan tafiyar Dokta malaman makaranta ne biyu, mace mai koyar da tarihi da namiji mai koyar da kimiyya, kuma akwai labarin 1964 da suka je zamanin mutanen Aztek na tsohuwar Meziko, malamar ta so ta hana yanka mutane don tsafi, Dokta ya ce mata tarihi ba ya gyaruwa. Nan take ya ce wannan za mu nema a gaba. Ya kuma tambayi na matafiyin nan Marco Polo, aka ce masa kashi 7 ne kuma ko ɗaya bai tsira ba. Ya yi shiru kamar an yi masa rasuwa.

Kashi na 3 na The Web of Fear bai dawo tare da 'yan'uwansa ba, kuma a cikinsa ne Kanar Lethbridge-Stewart ya fara bayyana, wanda daga baya ya zama Birgediya, ya daɗe a shirin. A faifanka, hotuna marasa motsi aka jera aka ɗora murya a kai. Na zaci majalisa za ta watse a daren, sai ya zama daren dattijo. Ya rufe ido ya ce ai wannan rediyo ne, a nan ya fi mu. Da ya ji inda aka samo muryar kuwa sai ya gyara zama: masu kallo ne a gidajensu a Ingila, wasunsu yara, suke kafa rikoda a gaban talabijin duk Asabar, suna hana 'yan gida tari. Da kaset ɗinsu ne aka samu muryar duk kashin da ya ɓata, ko ɗaya bai rasa ba. Ya ce a shagonsa akwai kwali uku na kaset da masu su ba su dawo sun karɓa ba, wasu tun zamanin soja, bai taɓa jin abin da ke ciki ba, kuma bai iya zubarwa ba.

A nan ne na tuna abin da ya sa na ɗauki biro. Ka tuna daren Sallar layya da muka ajiye rikoda a gaban Baba, Allah ya jiƙansa, yana ba mu labarin yadda suka taso daga Kano a ƙafa zuwa aikin kuza, da sunayen zangon da suka yada? Awa ɗaya da rabi, gaba da baya. Nawa kaset ɗin babu shi. Ƙanena ne ya rasa wanda zai ɗauki sharhin ƙwallo a kai, ya ɗora a bisa, ban sani ba sai bayan rasuwar Baba da na saka don in ji muryarsa, na ji ana ihun an ci. Ban taɓa gaya maka ba don kunya. Amma na tuna sarai na juya maka kofi ɗaya a daren da za ka tafi, mai jan rubutu a jiki, ka saka a aljihun jakar hannu.

Don Allah ka duba. Ka duba kwalayen da ka ce suna saman silin tun da kuka sauya gida. In ka same shi kada ka saka shi a kowace irin rikoda, dattijo ya ce tsohon zare yana iya tsinkewa ko inji ya tauna shi. Ka fara juya shi a hankali da biro ka ga ko yana tafiya, sannan ka nemi masu mayar da kaset cikin kwamfuta, na san ba a rasa su a can. Ko nawa ne zan biya. Hajiya ban gaya mata ba tukuna, sai na ji daga gare ka.

Ka gaida mai ɗakinka da yara, ka ce wa babban ina nan ina jiran hoton kammala makarantarsa. In hanya ta bi da kai Covent Garden ka ɗauko mini hoton tashar, majalisa na son gani. Kada ka manta da man zafin.

Naka har kullum,
Amininka na Jos.