Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Muhalli na Jihar Legas: An Hana Baro, Motar Shara Kuma Ba Ta Shiga Lungu

Mai girma Kwamishina, Mista Tokunbo Wahab,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne a madadin kwamitin tsaftar unguwarmu a Agege, kuma magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami: an hana masu baro kwasar shara a jihar nan, amma har yau ba a kawo wa mazauna lunguna abin da zai maye gurbinsu ba.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin yadda aka faro. A watan Janairun 2018, zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode, aka sanar da haramcin, lokacin da gwamnati ta ɗora dukkan fatanta a kan sabon shirin tsaftace Legas da aka danƙa wa wani kamfani. Shirin bai je ko'ina ba, aka koma ga kamfanonin kwasar shara masu zaman kansu da ake kira PSP, amma haramcin ya ci gaba da zama daram. Da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya hau mulki a 2019, ya sanya lafiya da muhalli cikin ginshiƙan alkawuransa, mu kuma muka ɗauka cewa alkawarin ya haɗa da mai ɗaki ɗaya a ƙarshen lungu kamar yadda ya haɗa da mai bene a bakin titi.

Ga abin da muke gani a ƙasa. Motar kamfanin da aka ba unguwarmu babba ce, iyakarta bakin kwalta, domin mafi yawan layukanmu ko ƙaramar mota da ƙyar take ratsa su, balle idan ruwa ya sauka ƙasa ta yi caɓi. Wani lokaci sai a yi makonni ba a ji ƙararta ba, amma takardar biyan kuɗi ba ta taɓa makara. A gidan haya da ke ɗauke da iyali goma, shara ba ta jiran mota. Da can mai baro yakan shigo har ƙofar gida, a ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa ya kwashe. Yanzu da ake kama su ana ƙwace barorinsu, sharar tana bin hanya uku: a ƙulla ta a leda a ajiye tsakiyar titi cikin dare, ko a cinna mata wuta yara su kwana suna shaƙar hayaƙin roba, ko a jira hadari a tura ta cikin kwata. Duk wanda ya ga yadda ruwa ya shanye titunan Legas a ranar 3 ga Yulin 2024, makonni kaɗan bayan ɓarkewar kwalara a watan Yuni, ya san inda hanya ta uku take ƙarewa.

Na san hujjar ma'aikatarka, kuma ba zan ƙaryata ta ba. Akwai masu baro da ke juye shara a magudanan ruwa, akwai kuma ɓata-gari da ke fakewa da sana'ar jari-bola suna sace murfin kwata da wayoyin lantarki. Duk wanda aka kama da wannan a hukunta shi, mu ne za mu fara nuna shi. Sai dai a tambayi dalilin da ya sa mutum zai juye kaya a rafi. Wanda doka ba ta ba shi wurin zubarwa ba, kuma ya san ana farautarsa, zai sauke kayansa ne a wuri mafi kusa ya gudu. Haramcin bai kawar da masu baro ba, ya dai mayar da aikinsu na dare, inda babu mai ganin wanda ya zubar balle a tuhume shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, waɗannan matasa, da yawansu 'yan Arewa ne da suka zo neman halak, su ne ke yin aikin da gwamnati ke wa'azi a kansa. Hukumar kula da shara ta jiha, wato LAWMA, da kanta tana cewa Legas na fitar da shara kimanin tan 13,000 a kullum, kuma bolar Olusosun da ke Ojota ta daɗe da cika. Kun hana farar robar zuba abinci a Janairun 2024, kun fara aiwatar da haramcin robobin da ake amfani da su sau ɗaya a ranar 1 ga Yulin 2025, mun kuma goyi bayan hakan har muna bi shago-shago muna yi wa masu sayar da abinci bayani. Amma gorar ruwa da ledar fiya wata ba sa cikin haramcin, kuma su ne ke toshe mana kwata. Wa ke tsince gora da gwangwani da ƙarfe da kwali ya kai wa masu awo, daga nan su wuce masana'anta? Mutumin da ake bi da sanda ne.

Saboda haka muke roƙo, don Allah, a yi musu rajista. A ba kowane mai baro lamba da riga da katin shaida, a ɗaure shi da kamfanin da ke kula da mazaɓarsa, a keɓe wuri a bakin titi inda zai sauke kaya mota ta ɗauka. Tashar tara shara tana nan a Agege, ba sai an gina sabuwa ba kafin a gwada. Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa a shirye suke su tsaya wa yaran da suka sani, kuma wanda ke ɗauke da lamba a bayansa ba zai juye shara a rafi ya ɓace ba. Idan baron ne ba a so, a taimaka musu da keke mai ƙafa uku su riƙa biya a hankali.

Mun ga yadda aka rufe kasuwar Mile 12 a Oktoban 2023, da mayankar Oko-Oba a Yunin 2025, duk saboda ƙazanta. Wannan ya nuna mana cewa idan ma'aikatarka ta ƙudiri abu, cikin yini ɗaya take zartar da shi. Muna neman irin wannan hanzarin wajen gyara. Akwai kuma batun yashe manyan magudanai kafin damina, da ruɓaɓɓen tumatir da kayan gwari na Mile 12 da ya kamata su zama taki, da fitar da sanarwa cikin Hausa da Yarbanci domin ta isa ga waɗanda ake nufi da ita.

Ba a fafe gora ranar tafiya, ranka ya daɗe. Muna neman ka turo jami'anka su zauna da kwamitocin unguwanni da wakilan masu baro kafin ruwa ya kankama, su zaga layukanmu da ƙafa, su auna faɗinsu da faɗin motar da aka ce mu jira, sannan a fara gwajin rajistar ko da a mazaɓa ɗaya ce.

Naka cikin girmamawa,
Sakataren kwamitin tsaftar unguwa,
Agege, Legas.