Intanet kyauta a Sakkwato: a tuna da makafi tun daga shafin shiga

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ni makaho ne, ina zaune a Mabera. Wayata ce idona. Manhajar TalkBack ke karanta mini duk abin da yatsana ya taɓa, da ita nake jin saƙonni, da ita nake tura kuɗi.

Kwanakin baya ƙanena ya kai ni wani wurin jama'a da aka sa Wi-Fi kyauta. Da tsadar datar nan, wa zai ƙi? Waya ta kama sabis, shafin shiga ya buɗe, a nan gizo ya yi saƙa. Ba a sa wa ko ɗaya daga cikin maɓallan suna ba, muryar sai cewa take akwai abin dannawa, ba ta san na mene ne ba. Da ƙyar na laluba na wuce, sai aka ce in kwafe haruffan da ke cikin wani hoto, wai don a tabbatar ni mutum ne. Kafin yaron ya dawo daga alwala, wa'adin lambar shiga da aka turo mini ya ƙare. Da ba da shi na zo ba, sai dai in miƙa wa baƙo wayar da asusun bankina ke ciki.

Abokina mai keken guragu ya ce tasa matsalar daban ce. Sabis ya fi ƙarfi a saman bene, shi kuma a ƙasa yake tsayawa cikin rana. Wanda ya san zafin Afrilu a garin nan, da yake haura digiri 40, ya san abin da nake nufi.

A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. A ganina shafin intanet ma ƙofa ce, tudunta dai ba a gani.

Ga gyaran da ake buƙata: a sa wa kowane maɓalli suna, a ba da zaɓin sauraro maimakon hoto, a tsawaita wa'adin lambar, a kuma ajiye benci a inuwa inda keke zai isa. Duk mai shirin sa irin wannan a tasha ko Babbar Kasuwa, ya fara kai shafin shigar zuwa A.A. Raji, makarantar masu buƙata ta musamman, ya bar ɗaliban su gwada shiga da kansu kafin a yanka kyalle.

Naka,
Wani mazaunin Mabera, Sakkwato