Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ma'adinai: a tattaro duwatsun sondaj kafin a raba sabbin permi

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka shi daɗe, ni mutumin Tawa ne. Na yi shekaru ina aikin sondaj, wato haƙa rami don binciken ma'adinai, a arewa, tsakanin Agadas da Arlit, har ƙarfi ya ja baya na dawo gida. Aikina shi ne in tsaya bakin injin haƙa, in karɓi dutsen da ya fito daga cikin ƙasa, in wanke shi, in jera cikin akwati, in rubuta zurfin da aka ciro shi. Karot muke ce masa a wurin aiki: dutse ne mulmulalle, dogo kamar taɓarya, kaurinsa bai wuce damtsen yaro ba. A kansa nake so in yi maka magana. Tun da aka karɓe permin haƙar uraniyom na Imuraren a Yunin 2024, na Madawela ya biyo baya a Yuli, aka kuma mai da SOMAIR, kamfanin haƙar uraniyom na Arlit, hannun ƙasa a Yunin 2025, babu fadar da ba a maganar uraniyom a garin nan. Ana ta batun wa zai saya, nawa zai saya, ta wace hanya za a fitar tunda iyakar Binin a rufe take. Akwatunan karot kuwa, har yau ban ji an ambace su ba.

Bari in faɗi yadda uraniyom ya zo inda yake, kamar yadda masana ƙasa da na yi aiki ƙarƙashinsu suka koya mini, domin daga nan ne za a gane darajar akwatunan. Asalinsa duwatsun Abzin ne, musamman waɗanda aman wuta ya bari. Ruwa ya yi ta wanke su yana ɗauke da uraniyom narkakke, ya gangaro yamma, ya shiga cikin yashin da tsofaffin koguna suka shimfiɗa a kwarin da ake kira Tim Mersoi. Yashin nan ya daskare ya zama dutse, amma dutse ne mai shan ruwa kamar tulun ƙasa. Ruwan yana tafiya cikinsa har ya tarar da wurin da ruɓaɓɓun itatuwa da ganyaye suka binne. A nan uraniyom yake rabuwa da ruwa ya manne. Shi ya sa idan karot ya fito da baƙin zane kamar gawayi a jikinsa, sai ka ga masanin ƙasa ya taso da sauri. Shimfiɗun da suka fi shahara su ne Gezuman, wadda COMINAK, wani kamfanin haƙar uraniyom, ta ci a Akuta, da Tarat, wadda SOMAIR ke ci a Arlit, dukkansu sun haura shekara miliyan 300, sai Cirezrin ta biyu wadda ta fi su ƙuruciya, ita ce ta Imuraren. Akwai kuma wata doguwar tsagewar ƙasa da ta miƙe daga arewa zuwa kudu ta gefen Arlit, manyan ma'adinan kuma a jere suke kusa da ita.

Abin da aka fara samu, na kusa da sama ne. A 1957 masu neman tagulla suka ci karo da alamar uraniyom a Azelik, wajen Ingal. Daga nan Faransawa suka bi sawu: Madawela a 1963, Imuraren a 1966, Akuta a 1967. SOMAIR ta fara fitarwa a 1971, COMINAK a 1978, daga rami mai zurfin kusan mita 250. To amma shimfiɗun nan ba a kwance suke daidai ba. Suna nutsewa ƙasa gwargwadon yadda ka yi yamma da kudu, wasu duwatsu masu ƙarancin shekaru suna rufe su. Mu nan Adar a kan murfin muke zaune. Duk wanda ya yi kiwo yana yaro a tsaunukan wajen Keita ya tsinci ƙwanson katantanwa da ya zama dutse, shaidar cewa teku ya taɓa kwanciya a nan, kuma farar ƙasar da tekun ya bari ita ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza. Na'urar da ake ɗora wa jirgin sama tana jin uraniyom ne kawai idan yana fatar ƙasa. Wanda ke ƙarƙashin mita ɗari uku ko biyar sai an haƙa. Dasa, wadda kamfanin Global Atomic na Kanada ya gano a 2010, ta nuna haka: a yankin da aka riga aka taka tun da daɗewa take, mafi kyawun dutsenta kuma yana can ƙasa cikin wani wuri da ya rufta tsakanin tsagewa biyu. Don haka ni na yarda akwai sauran arziki a Tim Mersoi, amma mai wuyar gani ne, kuma wanda ke riƙe da labarin tsofaffin ramuka shi zai riga kowa sanin inda za a sa injin.

Ranka shi daɗe, rami ɗaya na sondaj kuɗi ne masu yawa da gumin mutane. Kwanaki ake yi a kansa, ga gazuwal, ga tankar ruwa da ke zuwa daga nesa, ga haƙorin injin da ke cinyewa. Idan bututun ya fito, mu biyu muke tallabe shi mu zazzage dutsen a hankali don kada gaba ya koma baya, saboda in ka juya guntu ɗaya ka ɓata lissafin ramin. Sai a bi shi da sintilo, wata ƴar na'ura da ake riƙewa a hannu. A kan dutse marar komai allurarta kwance take. In ta zo kan baƙin zanen nan sai ta miƙe, ƙararta ta cika rumfar, mai dafa shayi ma ya ɗago kai. Bayan haka a zura wata na'urar cikin ramin da waya, ta karanta shi tun daga ƙasa har sama. Abin da ta karanta kwamfuta yake shiga, gutsattsarin dutsen kuma a ƙulle su cikin leda a aika ƙasar waje a auna. Mu da muka ciro shi, sakamakon ba ya dawowa ta wurinmu.

A 2007, lokacin da farashin laba ɗaya ya haura dalar Amurka 130, an ba da permin bincike fiye da ɗari a ƙasar nan. Kamfanoni suka cika dajin. Bayan hatsarin Fukushima a 2011 farashi ya yi ta faɗuwa, har ya sauka ƙasa da dala 20 a 2016, akasarinsu suka naɗe tabarmarsu. Wani daga cikin waɗanda na yi wa aiki haka ya tafi, ba sallama. Bayan shekaru wata tafiya ta bi da ni ta tsohon sansaninmu, na roƙi direba ya tsaya. Rumfar ta faɗi. Gara ta ci wasu akwatunan, wasu an kwashe katakon an hura wuta, kuma ban ga laifin wanda ya kwasa ba, sanyin arewa ba ya tambayar na wane ne. Karot ɗin yana zube cikin yashi, na mita 80 ya cakuɗe da na mita 300. Na ɗauki wani guntu na ga rubutun hannuna a jikinsa, rana ta cinye lambar saura rabi. Wallahi sai da na yi hawaye. Aikin damina da rani na mutum fiye da ashirin ne ya koma tsakuwa, alhali kwafin sakamakon yana can cikin kwamfutar wani ofis a wata ƙasa. Gobe idan farashi ya tashi, kamar yadda ya sake haura dala 100 a farkon 2024, mai wannan kwafin zai dawo neman permi yana sane da abin da ke ƙasa, wanda zai sa masa hannu kuwa bai sani ba. Wane irin ciniki ke nan, mai saye ya leƙa cikin buhu, mai kaya bai leƙa ba?

Kuma sanin nan shi ke yanke farashi. Dutsen Arlit yana ba da wajen kilo 2 ko 3 na uraniyom a cikin ton guda, na Akuta ya ɗan fi haka, na Imuraren kuwa bai kai kilo 1 ba, duk da cewa abin da ke kwance a can an ƙiyasta shi wajen ton 200,000. Wannan ƙarancin yana cikin dalilan da suka sa wurin da aka ba da perminsa tun 2009 aka dakatar da aikinsa da farashi ya faɗi. Duk wanda zai zauna teburin ciniki a kan Imuraren da sunan Nijar, da ko wace ƙasa ce, ya kamata a ce alƙaluman da ke gabansa ƴaƴan ƙasar nan ne suka auna su daga dutsen da ke hannunmu. Rahoton da kamfani ke miƙawa, abin da ya zaɓa ya rubuta ne. Dutsen kuwa ana iya sake yanka shi a sake aunawa ko bayan shekara hamsin, a nemi abin da na farko bai nema ba.

Roƙona shi ne a gina rumbun karot na ƙasa a Agadas, mai rufi da katanga da mai gadi, a ƙarƙashin CRGM, cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai ta gwamnati, a bi tsofaffin sansanoni a tattaro abin da ya rage tun lambobinsa ba su gama gogewa ba. Kada a sabunta wa kowa permi, kada kuma a sallami mai tafiya, sai ya kawo akwatunansa da duk abin da na'urori suka karanta, an duba an ga sun cika. Ma'aikatan da za su yi wannan muna da su. Makarantun ma'adinai na EMIG a Yamai da EMAIR a Agadas da sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Abdu Mumuni suna yaye yara duk shekara, wasunsu ina ganinsu nan Tawa suna kabu-kabu da takardarsu a aljihu. A ba su akwatunan nan su bi su mita bayan mita, a kafa musu wurin awo na zamani a cikin ƙasa don a rage aika leda waje. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in dai an bar shi ya shiga ɗakin.

Akwai maganar ruwa, ita ma cikin ramukan nan take. Duk ramin sondaj yana ratsa shimfiɗun ruwa, wani mai daɗi wani mai gishiri, kuma dutsen yashin da ke riƙe da uraniyom shi ne dai ke riƙe da ruwan da Arlit ke sha, ruwan da ya taru tun zamanin da arewa ke da damina, wanda in an zuƙe ba ya dawowa da wuri. Ƙa'ida ita ce in an gama a cika ramin da siminti don kada ruwayen su haɗu. Na ga inda aka yi haka, na kuma ga inda aka ɗora dutse a baki aka wuce. Makiyayanmu na Abalak da Cintabaraden da ke hawa Ingal da damina don dabbobi su lashi gishiri, a wannan dajin suke shayarwa. Kafin a ba da sabon permi a wurin kiwo, a zauna da su da hakimansu, a kuma tura mai duba rufe ramuka wanda ba kamfani ke biyansa ba. Zurfin ruwan da aka tarar a kowane rami a rubuce yake cikin takardun sondaj. Da za a ba kwaminoni wannan bayani, da an rage haƙa rijiyar da ba ta ba da ruwa.

Mu mutanen Tawa mun san uraniyom ta hanyar da ke ɗauke da sunansa. Shekara da shekaru manyan motoci suka yi suna ratsa mu da gangunan garin uraniyom mai launin rawaya zuwa Kwatano, wanda ya bi hanyar daga Abalak zuwa Agadas kuma ya san halin da take ciki. COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021 bayan ta fitar da wajen ton 75,000, ta bar tulin dusar dutse na wajen ton miliyan 20 a gefen Akokan, inda mutane ke kwana suna tashi. Ramin da za a buɗe nan gaba, tun ranar da aka sa injin sondaj na farko ya kamata a san wa zai rufe shi da kuɗin wa.

Abu na ƙarshe, ranka shi daɗe, mutane ne. Waɗanda suka yi sondaj tun zamanin farko sun tsufa, kowace shekara muna zuwa jana'izar wani. Akwai direbobi da masu injin da masu jagora Buzaye da suka san inda kowane sansani yake ba tare da taswira ba, sun san ramin da ruwa ya ɓulɓulo, sun san wanda injin ya karye a ciki aka bar shi. Suna nan Tawa da Agadas da Cirozerin da Arlit, ba wanda ya taɓa zama da su da biro da takarda. A kira su tun suna iya hawa mota. Ni kaina in aka aiko, zan kai yaran nan sansanin da na faɗa maka. Akwatunan da ke ƙasan tulin, waɗanda yashi ya rufe, ina da yaƙinin lambobinsu suna nan.

Allah shi yi maka jagora, shi ba ƙasarmu lafiya.

Naka,
Tsohon ma'aikacin sondaj,
Tawa